Randar da ta daina sanyaya ruwa: Abin da Suleja ke koyarwa game da zamananci

A bayan takardar Naira 20 akwai hoton wata mata da ta duƙufa kan aikin tukunya. Sunanta Ladi Kwali, kuma ita kaɗai ce macen da aka rubuta sunanta a kan takardar kuɗin Najeriya. Aikin da ya kai ta ga wannan matsayi a Suleja ta yi shi, garin da dubban ma'aikatan tarayya ke baro shi kowace asuba, su ratsa Madalla da Zuba, su nufi ofisoshinsu a Abuja. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa taka wurin da ta yi aikin ba, alhali labarin wurin ya shafi wata kalma da ba ta rabuwa da takardun da suke rubutawa, wato "zamani".

A harshen ofis, kasuwar zamani ita ce wadda aka gina bayan an rushe tsohuwa, noman zamani kuwa shi ne wanda aka shigo da kayansa daga waje. Sai dai masana fasaha da na tunani da malaman addini sun shafe fiye da ƙarni guda suna muhawara a kan wata ma'anar da ta fi wannan zurfi. Tukwanen da aka gasa a Suleja shekara saba'in da suka wuce suna cikin mafi kyawun misalan wannan ma'ana a ƙasar nan, da ribarta da hasararta.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan cuɗawa. Na farko shi ne zamanantarwa: kwalta, lantarki, injin, kwamfuta. Wannan sauyin kayan aiki ne, kuma duk mai kuɗi na iya sayensa. Na biyu shi ne zamananci, wanda hali ne na tunani. Mai wannan hali yakan dubi abin da ya gada daga iyaye da malamai, ya daina ɗaukarsa a matsayin abin da ba a yi wa tambaya, ya fara tantance ɓangaren da shi ne ginshiƙi da ɓangaren da yanayi ne kawai ya kawo shi. Daga nan sai ya zaɓa da saninsa, ya kuma ɗauki alhakin zaɓin.

A Turai, wannan hali ya yi ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Tun da kyamara ta karɓe aikin kwaikwayon fuska, masu zane suka fara tambayar ko mene ne sauran aikinsu. A 1907, Pablo Picasso ya yi wani zane a birnin Paris wanda fuskokin wasu daga cikin matan da ke cikinsa suka yi kama da sassaƙen rufe fuska na Afirka, irin waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na Trocadéro. Ke nan Turai ta jingina da hannun Afirka wajen sabunta fasaharta, amma sunayen masassaƙan ba su shiga littafi ba. Wannan batu na suna zai sake tasowa a Suleja.

Garin da ya ba da sunansa

Suleja ta yau ita ce Abuja ta asali. Bayan jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya a farkon ƙarni na 19, ya yo kudu da jama'arsa zuwa yankin Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin a 1828, aka kira shi da sunansa. Shi ya sa har gobe sarkin garin ke amsa sarautar Sarkin Zazzau. An kafa garin ne domin tsare tsohon tsarin sarautar Haɓe, kuma ya tsare shi fiye da yawancin garuruwan Arewa.

A 1944 Sulaimanu Barau ya hau gadon sarauta. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar, kuma ana lissafa shi a sahun farko na sarakunan Arewa masu ilimin boko. A zamaninsa ne aka wallafa tarihi da al'adun Haɓen Abuja da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa, wanda daga baya aka fassara zuwa Ingilishi. Sarkin yana kuma tara tukwanen matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, yana ajiye su a fadarsa saboda kyansu. Ajiye randa don kallo, ba don zuba ruwa ba, baƙon abu ne a lokacin.

A 1976, da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Sabon birnin an tsara shi a takarda kafin a haƙa harsashi, kuma Kenzo Tange na ƙasar Japan, ɗaya daga cikin jagororin zamananci a fannin gine-gine, shi ya tsara tsakiyarsa. Wannan irin zamananci farar takarda yake so. Irin wanda aka gwada a tsohon garin, shekara ashirin da ɗoriya kafin nan, da abin da ya tarar a ƙasa ya fara.

Baturen da ya guje wa masana'anta

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature mai suna Michael Cardew ya zagaya ƙasar nan ya duba yadda za a bunƙasa ginin tukwane. Cardew almajirin Bernard Leach ne, wanda ya koyi sana'ar a Japan ya koma Ingila yana kare aikin hannu daga mamayar kayan masana'anta. Wato gwamnatin da ke son zamanantar da sana'a ta ɗauko mutumin da ya shafe rayuwarsa yana gudun abin da injin ya yi wa sana'a a ƙasarsu.

Da ya ga tukwanen da ke fadar Sarkin Abuja, musamman na wata maginiya daga ƙauyen Kwali, sai ya fahimci cewa ba shi da abin da zai gyara a jikinsu. Sun dace da girki, sun dace da ajiyar ruwa, ba su da tsada. Shawararsa ita ce a ƙyale su, a kafa wata sana'a dabam a gefensu: kofuna da farantai da butocin shayi masu ƙarfi irin na tangaran, domin sabon rukunin ma'aikata da ke tasowa a birane. Garin Abuja na da yumɓu da ruwa da itace, ga kuma sarki mai sha'awar aikin. A nan aka buɗe Cibiyar Koyon Ginin Tukwane a 1952, kuma ɗaliban farko duk maza ne.

Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. An haife ta a wajajen 1925, kuma ta koyi gini tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar mahaifanta, kamar yadda matan yankin suka saba. Ba ta zo a matsayin 'yar koyo ba, domin sunanta ya riga ya kai fada.

Abin da wuta ta sauya

Maginiyar Gbagyi ba ta amfani da faifai mai juyawa. Takan murza yumɓu ta yi shi kamar igiya, ta riƙa ɗora shi zagaye bisa zagaye, tana kewaya tukunyar da ƙafarta, tana jan bangonta sama da yatsu har ya yi sumul. Kafin yumɓun ya bushe sai ta tsaga masa zane: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi, maciji, tsuntsu, tsakanin layuka da aka jera da tsari. Daga nan a tara tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da ciyawa, a cinna wuta.

Wutar fili ba ta da tsananin zafi, don haka jikin randar kan fito da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, busarwar kuma tana janye zafin ruwan da ke ciki. Sirrin sanyin ruwan randa ke nan. Wannan sassaucin jiki ne kuma ke sa tukunyar ƙasa ta jure wutar murhu ba ta fashe ba.

A cibiyar, Ladi ta koyi faifai mai juyawa, ta yi kofuna da kwanuka da farantai. Amma manyan randunanta ta ci gaba da gina su da hannu yadda ta gada, da siffarsu da zanensu. Abin da ya sauya shi ne yumɓun da wutar. An haɗa yumɓu mai jure zafi, ana cika tsagin zanen da farar ƙasa don ya fito, ana shafe randar da wani haɗi na toka da niƙaƙƙen dutse, sannan a sa ta a rufaffen gidan wuta na bulo inda zafi ke haura digiri 1,200. A wannan zafin haɗin kan narke ya zama fata mai ƙyalli kamar gilashi, zanen yana haskowa daga ƙarƙashinta.

Randar ta fito da kyan da ba a saba gani ba, ta kuma yi ƙarfin da za ta shekara ɗaruruwa. Amma ƙofofin jikinta sun toshe. Ba ta ƙara sanyaya ruwa. Ta yi nauyin da ba a ɗaukarta zuwa rafi, ta yi tsadar da matar ƙauye ba za ta saya ba. Siffar randa ta rage, aikin randa ya tafi. An baje kolin aikin cibiyar a Landan a 1958 da 1959 da 1962, kuma randunan Ladi ne suka fi jan ido. Abin da aka kafa cibiyar dominsa, wato kayan tebur na ma'aikata, bai taɓa iya gogayya da arhar kwanukan da ake shigowa da su ba. Abin da ya ɗaga sunanta shi ne tsohon salon da ba a sa shi a lissafi ba tun farko.

Nan ne ma'anar zamananci a fasaha ta bayyana a fili. Abu ya rabu da amfaninsa na kullum, ya koma abin da ake tsayawa a duba, a tambayi yadda aka yi shi da dalilin da aka yi shi haka. Masu yabo na cewa an ɗaukaka sana'ar mata daga bayan ɗaki zuwa gidajen tarihi na duniya. Masu suka na cewa an cire ta daga hannun masu ita an miƙa wa masu kuɗi. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma randa guda ce ke ɗauke da hujjar kowannensu.

Akwai wata hanya da aka bi daga baya wadda ta riƙe amfanin ta bar adon. Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya samar da ma'ajiyar sanyi marar lantarki da ke tsawaita kwanan tumatir da alayyafo. Ya samu kyautar Rolex a 2000. Ƙofofin da wutar Suleja ta toshe, su ne jarinsa. Shi da Ladi duk sun san tukunyar ƙasa ciki da waje kafin su yanke shawarar abin da za su riƙe daga jikinta.

Hatimi da suna

A gindin kayan cibiyar akan buga hatimi biyu: ɗaya na sunan Abuja da haruffan Larabci, ɗaya na haruffan farko na sunan wanda ya gina. Na Ladi shi ne LK. Ƙaramin abu ne a ido, amma sauyi ne babba a tunani. A ƙauye ana cewa randar Kwali ko tulun wane gari. Sana'ar ta jama'a ce. Hatimi na cewa mutum ɗaya ne ya zaɓi wannan layi da wannan lanƙwasa, shi za a yaba, shi za a zarga. Ɗora alhaki a wuyan mutum ɗaya, da ba shi 'yancin kauce wa abin da aka saba, su ne zuciyar zamananci a fagen tunani.

Saboda hatimin ne Ladi ta kuɓuta daga ƙaddarar masassaƙan da Picasso ya amfana da su. Ta zagaya Ingila da Amurka tana nuna gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba. Ta samu lambar yabo ta ƙasa kan cancanta a 1980 da lambar OON a 1981, ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Wasu mata sun biyo sawunta zuwa cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya da ta zama ɗaya daga cikin mashahuran maginan duniya, ta zo cibiyar a shekarun 1970 ta koyi gini da hannu. Sai dai hatimi na haska mutum ɗaya ne ya bar saura a duhu: matan da suka koya wa Ladi sana'ar, da waɗanda suka koya musu, ba su da hatimi.

Ba a Suleja kaɗai aka yi wannan lalube ba. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya suna neman a haɗa dabarun da aka koya musu da salon gidajensu. Kafin su, Abubakar Imam, ɗan Kagara a Jihar Neja ta yau, ya ɗauko labarai daga Larabawa da Indiya da Turai ya zuba su a bakin Hausa a Magana Jari Ce. Babu ɗaya daga cikinsu da ya jefar da gida, babu kuma wanda ya bar shi yadda ya same shi.

Tajdidi da bidi'a

A addini maganar ta fi nauyi, domin kuskure a nan ba randa yake ɓatawa ba. Musulunci na da kalmomi biyu da suka tsare bakin ƙofar: bidi'a, wadda ake gudu, da tajdidi, wanda ake fata. Dukansu sabon abu suke nunawa a ido. Bambancinsu shi ne ko sabon abin ya ƙara wa addini abin da ba nasa ba, ko ya share ƙurar da ta rufe asalinsa.

Malaman da ake kira 'yan zamanancin Musulunci, irin su Jamaluddin al-Afghani da almajirinsa Muhammad Abduh, wanda ya zama Muftin Masar daga 1899 har rasuwarsa a 1905, sun tsaya a kan cewa wahayi da lafiyayyen hankali ba sa karo, kuma ƙofar ijtihadi a buɗe take ga wanda ya cancanta. Sun bambanta ibada, wadda ba a taɓawa, da mu'amala, wadda maslahar zamani ke da ta cewa a cikinta. Masu adawa da su sun zarge su da lanƙwasa nassi don ya dace da ma'aunin Turai. Kiristanci ma ya sha irin wannan dambarwa. A 1907, shekarar zanen Picasso, Paparoma Pius na 10 ya fitar da wasiƙa yana Allah wadai da zamananci a cocin Katolika, a 1910 kuma aka wajabta wa limamai rantsuwar ƙin sa. Bayan babban taron Vatican na 1962 zuwa 1965, cocin ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a, aka kuma janye rantsuwar a 1967.

Suleja na da nata misalin mai ban sha'awa. An ruwaito cewa Sarki Sulaimanu Barau ne ya hana tsohuwar al'adar hurwa, wato talaka ya durƙusa ya zuba ƙasa a kansa a gaban sarki. Mai duba daga Kwalejin Katsina zai ce ilimin boko ne ya yi aikinsa. Amma fiye da shekara ɗari kafin nan, littafin Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa zuba ƙasa a ka cikin ɗabi'un sarakunan Haɓe da ya yi suka a kansu. Gyara guda ne, wani zai kira shi zamani, wani ya kira shi komawa ga sunna. Kuma sarkin da ya hana al'adar, a zamaninsa aka rubuta al'adun garin don kada su ɓace.

Wannan na nuna cewa sabon kayan aiki ba ya nufin sabon tunani, haka ma akasinsa. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna da fassararsa ta Alƙur'ani zuwa Hausa sun kai karatu ga mutanen da ba su taɓa zama gaban malami ba. Malaman ɗariƙu ma sun rungumi rediyo da kaset da makarantun Islamiyya masu aji da allo. Yau kowane ɓangare na da shafinsa a Facebook. Na'urar ɗaya ce, matsayar kowa na nan inda take. Sai dai, kamar wutar cibiyar Suleja, na'ura ba ta barin abu yadda ta same shi. Karatun da ya fita daga zaure ya shiga waya yakan kai nesa, amma yakan rasa zaman almajiri gaban malamin da ya san shi, wanda zai iya ce masa bai kai ga wannan babin ba tukuna.

Abin da ya rage

Cardew ya bar cibiyar a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi, daga baya aka sa mata sunan Ladi Kwali. Aikinta na ajiye a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan da na Smithsonian a Washington. A 2022 an sake baje kolinsa a Landan, Google kuma ya karrama ta a shafinsa. A Abuja akwai titi da babban zauren taro masu sunanta, kuma da Shugaba Bill Clinton na Amurka ya zo a 2000, ƙauyen magina na Ushafa aka kai shi. Amma cibiyar da ke Suleja, jaridu sun sha ba da rahoton lalacewarta da alƙawuran farfaɗo da ita. Sunan ya ƙaura zuwa birni, kamar yadda sunan garin ya ƙaura, wurin aikin ya zauna a baya.

Ga ma'aikacin da ke tsara takardar zamanantar da kasuwa ko makarantar allo ko asibitin ƙauye ko hanyar biyan albashi, darasin na aiki ne. Kafin a sa hannu, akwai tambayar da randar Ladi ke tilastawa: wane aiki tsohon tsarin ke yi a ɓoye, wanda ba a rubuta a ko'ina ba, kuma sabon zai toshe shi? Tsohuwar kasuwa na iya zama mai ƙazanta, amma rumfarta mai arha ce ke ciyar da bazawara. Makarantar allo na da matsalolinta, amma tana karɓar yaron da ba shi da kuɗin rajista. Wani lokaci sauyin ya cancanci hasarar, kamar yadda ƙyallin randar ya cancanta a idon duniya. Amma wajibi ne mai yanke shawara ya san abin da ake bayarwa, ya rubuta shi a takardar, ya kuma faɗi wanda zai biya.

Hausawa na cewa zamani riga ne. Ladi Kwali ta sa tata bayan ta shafe shekara da shekaru tana gina randar da ke sanyaya ruwa, don haka ta san abin da ta bari. Matan Kwali da Ushafa har yanzu suna gasa irin waccan randar a fili, kuma a gidaje da yawa na Suleja, idan aka ɗauke wuta a watan Maris, ruwanta ake sha.